Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan karatun kwamfuta

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana aji biyu a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna, ka rasa ko ka ci gaba da koyon rubuta manhaja ko ka koma tsaron intanet, tunda ƙirƙirarriyar basira ta fara cinye aikin masu kodin, wato masu rubuta manhajar. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, don wannan tunanin ya taɓa hana ni barci.

Ni da WordPress na fara, manhajar haɗa shafukan intanet, ina ɗan samun na cefane. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da ya iso ƙofata. A 2023, bayan cire tallafin mai, wani mai makarantar kuɗi a nan cikin gari ya ba ni aikin shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon yaransu. Muka yi ciniki dubu 250, ya ba ni hamsin. Sati uku ina kwana a kai, man janareta da data duk daga aljihuna. Ranar da na je karɓar ciko, a benci ya bar ni tun azahar har aka kira la'asar, masu kawo kuɗin makaranta suna wuce ni. Da ya ga dama ya kira ni ciki, ya sa ɗansa ya juyo min da kwamfuta, wai ga abin da nake ta ja musu rai a kai, yaro ya haɗa da ChatGPT cikin minti goma. Na ce ranka ya daɗe, wannan fuska ce kawai, babu rumbun bayanai a bayanta, babu abin da zai hana wani ganin sakamakon ɗan wani. Ko kallona bai yi ba. A lokacin matata na da tsohon ciki, da kuɗin nan na yi lissafin ragon suna. Har yau in na bi ta layin sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Ƙarshen zango sakamako ya cakuɗe musu, suka yi ta kira, ban ɗaga ba. Allah ya isa dai na ce, ban kuma janye ba.

Don haka kowane layi ka zaɓa, kada ka taɓa aikin kowa sai an ba ka rabi kafin alƙalami, a rubuce.

Kada ka bar kodin. Abin da ya mutu shi ne ƙananan ayyukan da muke ci da su a da. Ni yanzu kullum da GitHub Copilot nake aiki, ƙirƙirarriyar basirar da ke taya mutum rubuta manhaja, yana rage min wahala sosai, amma na sha kama shi yana kiran abin da babu shi, ko ya bar ƙofar da ɓarawo zai shiga rumbun bayanai. In ba ka iya Python, yaren rubuta manhaja, da SQL, yaren magana da rumbun bayanai, da kanka ba, ta yaya za ka gane ya yi maka ƙarya?

Tsaron intanet ɗin ma ba mafaka ba ce. Wanda bai san Linux ba, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, bai san yadda kwamfutoci ke magana da juna ba, takardar kwas ɗin sati shida ba za ta yi masa komai ba. Ka fara da karatun CCNA, takardar shaidar kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci da juna. Wani abokina jan waya da saita rauta, na'urar rarraba intanet, yake yi a ofisoshi, da ɗora Starlink a kan rufi, bai taɓa zama ba aiki ba. Kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023, asibitoci da makarantu masu riƙe bayanan mutane suna da nauyin da dole wani ya ɗauka musu.

Ka nemi 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, in an buɗe, kyauta ne. Ka riƙa leƙa CoLab, cibiyar masu fasahar zamani da ke Barnawa a Kaduna, zama da masu yi ya fi bidiyo ɗari. Lokacin SIWES kuma, wato zuwa koyon aiki na ɗalibai, don Allah kada ka karɓi wurin da za a aje ka kana buga takardu, ka nemi inda akwai saba, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ko da ba za su ba ka kuɗin mota ba. In ka ga dama ka yi min magana ta ciki, in turo maka irin takardar yarjejeniyar da nake ba masu aiki yanzu.