Me ya sa laujena ke karyewa bayan na tsoma shi a ruwa?

Malam, ka ce kana ƙera lauje da sifirin mota a Gadarif ta ƙasar Sudan, masu yankan riɗi suna dawo maka da shi a karye. Ɗauki wanda ya karye ka dubi bakin karayar. In ka ga ƙwayoyi manya masu ƙyalli kamar sukari, wuta ce ta yi yawa. Ƙarfe ƙwayoyi ne a manne da juna. Ƙanana sun fi ƙarfi da jure duka, zafi mai yawa kuwa girma yake sa su yi.

Bayan ƙira, gasa shi ya yi ja, ka bar shi ya huce a iska, sau biyu ko uku. Ƙwayoyin za su ƙanƙance. Sannan ka sake gasawa. Wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius maganaɗisu ke daina kama ƙarfe. Ka ɗara kaɗan, ka tsoma a mai. Ruwa yakan tsaga sifirin.

Inda akasari ake kuskure shi ne tsayawa nan. Goge shi, ka ɗumama a hankali har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, taurin ya sassauta.

Amma don Allah, ƙarfen da zai ɗauki nauyin mota ko gini, a bar wa injiniya ya gwada.