Amsa Ga Yaron Shagona Kan Auna Gudun Inji

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa Arduino ɗin nan, ƙaramar kwamfutar da ka haɗa da sensar maganaɗisu, yake nuna gudun da bai yi daidai da kukan injin ba. Ba zan tsaya koya maka haɗa wayoyi ba, domin wanda ya shekara biyu a shagona bai iya wannan ba gara ya koma fadama. Lissafin ma ba wani abu ba ne: fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, duk haƙorinsa da ya gifta gaban sensa bugu ɗaya ne, sai ka ninka bugun daƙiƙa ɗaya da 60, ka raba da yawan haƙoran, ka sami juyin inji a minti. To, haƙoran nan ka ƙirga su da hannunka, ko kuwa a waya ka gani, kamar yadda ku yaran yanzu kuka saba?

Ni ma na taɓa yarda da maganar baki, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Wani mai injin casar shinkafa a wajen Argungu ya kira ni in saka wa janaretansa na dizal ma'aunin gudu, ya miƙo mini littafin injin da ya ce haƙora 126 ne, amma ya ɓoye mini cewa ya canza fulawil da wani na gwanjo mai haƙora 110. Na saka 126 a lissafi, ma'auni ya nuna gudun bai kai ba, na dinga ƙara wa gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, har allo ya nuna 1500, gudun da ke ba da wuta mai haz 50, wato mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ashe injin yana juyi sama da 1700 a minti, wutar kuma ta haura haz 57. Kunnena ya gaya mini kukan ya yi sama, na ƙaryata shi saboda lambar da ke kan allo. Kafin la'asar motocin lantarki biyu na injin casar sun ƙone, warin waya ya cika rumfar. Mutumin nan ya tara mini jama'a, ya rantse bai taɓa kwance injin ba, alhali ga sabon shatin sufana a kan notocin. Ya hana ni kuɗin aikina, na kuma biya naɗin mota ɗaya daga aljihuna, a shekarar da nake tara kuɗin rufin ɗakina.

Idan ƙirgarka ta yi daidai, duba sensar. Mai waya biyu wutarta tana ƙaruwa da gudun inji har ta wuce bolt 5 da Arduino yake ɗauka, saboda haka sai ka sa LM1815, ƙaramar na'urar da ke daidaita bugun irin wannan sensa, a tsakaninsu. Ka murɗa sensar har ta taɓa kan haƙori, ka dawo da ita rabin juyi, ka kuma goge garin ƙarfen da ke manne a bakinta. Gobe da safe ka zo da alli, ka yi wa haƙori ɗaya alama, ka ƙirga sau biyu a gabana.