Amsa: Me Ya Sa Ake Kiran Sa Koren Kunkurun Teku?

Malam, ka tambayi dalilin wannan suna alhali ƙoƙon bayansa ba kore ba ne. Sunan ya samo asali ne daga kitsensa mai launin kore, wanda ake dangantawa da abincinsa, domin idan ya girma ciyawar ƙarƙashin teku yake kiwo a ruwa marar zurfi, yana datse ganyen kamar tunkiya a fadama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyarsa: wasu suna kiwo a Banc d'Arguin, wani yanki na gaɓar tekun Mauritaniya, amma sai su nufi tsibirin Poilão na Gini Bisau, inda macen ke haƙa rami a yashin gaɓa cikin dare ta zuba ƙwai wajen 100. Zafin yashin ne ke tantance jinsin 'ya'yan. Idan ya yi yawa, mata sukan rinjaya.