Hukuncin Nazarin Waƙoƙin Latin Masu Ambaton Gumakan Rumawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin adabin Latin a ƙasar Italiya. Kundina a kan waƙar Kilaudiyan ne mai ba da labarin sace Furosarfina, ina bin diddigin zayyanar da ke cikinta da yadda yake nuni da mawaƙan da suka gabace shi. Waƙar tun daga farko har ƙarshe labarin gumakan Rumawa ce. Da na yi wa mahaifina bayani sai ransa ya ɓaci, ya ce ilmin shirka na je nema. Tun daga ranar ban ƙara buɗe littafin da natsuwa ba. Mene ne hukuncin karanta ta, da fassara ta zuwa Hausa, da yin rubutu a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yata, karatun ya halatta, fassarar ma haka, matuƙar kina matsayin mai ba da labarin abin da wani ya faɗa. Amma malaman usulu sun ce ba a yi wa abu hukunci sai an san kamanninsa, don haka bari mu fara duba abin da ke hannunki.

Kilaudiyan mutumin Iskandariyya ne ta Masar, an haife shi wajajen shekarar 370 ta Miladiyya, ya iso Italiya wajajen 394, ya zama mawaƙin fadar Sarkin Rumawa Honoriyus da babban kwamandansa Sitiliko. Fadar nan ta Kirista ce. Mahaifin Honoriyus, wato Tiyodosiyus, ya riga ya haramta yi wa gumaka yanka a dokokinsa na 391 da 392. Ke nan a lokacin da aka tsara waƙar, ɗakunan tsafin sun fara zama kufai, gumakan kuma suna komawa kayan aikin mawaƙa. Shi kansa Kilaudiyan, Ogastin, babban malamin Kirista na zamaninsa, ya lissafa shi a cikin waɗanda ba Kirista ba. Amma bayansa da kusan ƙarni guda an yi Darakontiyus a birnin Kartaj, Kirista ne da ya yi doguwar waƙar yabon Ubangiji, ya kuma yi waƙoƙi a kan tatsuniyoyin Girkawa na Midiya da Helen.

Waƙar da kike nazari kashi uku ce, baiti sama da 1,100, kuma mai ita bai kammala ta ba. Wurin da na fi tsayawa a cikinta shi ne saƙar yarinyar, wato Furosarfina. Uwarta Seres, gunkiyar noma a wurin Rumawa, ta ɓoye ta a wani gida a tsibirin Sisiliya, ita kuma ta zauna tana yi wa uwar zanen kyauta mai hoton duniya: taurari da zaren zinariya, teku da shunayya, tsakiyar ƙasa da jan zare don nuna zafi. Aka yaudare ta ta fita tsinkar furanni, Fuluto mai mulkin matattu ya keto ƙasa da keken dawakinsa ya ɗauke ta. Da uwar ta dawo sai ta tarar da ƙofofi a buɗe, zare a warwatse, gizo-gizo yana cike gurbin saƙar da yanarsa. Mai sauraro na wancan zamani da ya ji gizo-gizon nan zai tuna da Arakne, masaƙiyar da mawaƙin Rumawa Obid ya ba da labarin ta yi gasar saƙa da gunkiya Minaba har aka mayar da ita gizo-gizo. Wannan shi ne abin da malaman balaga ke kira talmihi, wato mawaƙi ya yi nuni da wani labari ba tare da ya kira sunansa ba. Ni kuwa da na karanta wurin, aya ta 41 ta Suratul Ankabut ce ta faɗo mini, inda Allah ya kwatanta masu riƙon majiɓinta koma bayansa da gizo-gizon da ya yi gida, alhali gidansa ne mafi rauni a cikin gidaje. Zuciyar da ta san Alƙur'ani da shi take karanta duk abin da ta ci karo da shi, kuma wannan ne garkuwarki ta farko.

To, gano irin wannan nuni aikin harshe ne, kuma dalilan halaccinsa a fili suke. Alƙur'ani da kansa ya ambaci Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, ya ambaci Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru a Suratu Nuhu, ya kuma hakaito maganar Fir'auna ta da'awar allantaka, muna karanta ta har a cikin salla. Daga nan malamai suka ɗauko ƙa'idar cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, muddin bai yarda da shi ba. A cikin Sahihu Muslim, Sharidu ɗan Suwaidu ya ce wata rana Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya goya shi a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko yana da wani abu na waƙar Umayya ɗan Abis Salti. Yana rerawa Annabi yana cewa ya ƙara, har sai da ya kai baiti 100. Umayya kuwa bai musulunta ba. Ibnul Kalbi ya wallafa littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, Albiruni ya yi nasa a kan aƙidun mutanen Indiya wajajen 1030, kuma malamai sun ci gaba da amfana da su. Ko a zaurukanmu, wane almajiri ne ya yi nisa a lugga bai bi ta kan Imru'ul Ƙaisi ba? Shehu Abdullahi na Gwandu ya lissafa mawaƙan Jahiliyya shida a cikin abin da ya karanta a wurin yayansa Shehu Usmanu.

Na san za a kawo mini hadisin da ya ce gara cikin mutum ya cika da ruwan mugunya da ya cika da waƙa. Hadisin ingantacce ne, amma Imamul Buhari ya sa shi a ƙarƙashin babin ƙin waƙa ta rinjayi mutum har ta hana shi ambaton Allah da ilmi da Alƙur'ani. Haka aya ta 6 ta Suratu Luƙman, da yawa daga masu tafsiri sun danganta ta da Nadru ɗan Harisu, wanda yake kawo labaran Rustum na Farisa don ya janye mutane daga sauraren Alƙur'ani. Abin da aka zarga a nan manufarsa ce. Idan Latin ya cinye miki lokacin salla da tilawa da sanin farillan addininki, to hadisin ya hau kanki. Idan bai cinye ba, bai hau ba.

Inda nake son ki yi taka-tsantsan sosai shi ne fassara, domin a nan ne muryarki ke iya cakuɗewa da tasa. A farkon waƙar, Kilaudiyan yana kiran gumakan ƙasar matattu su buɗe masa asirinsu. Ki fassara shi a matsayin maganarsa, da sunansa a kai. Amma ki buɗe wata waƙa taki da irin wannan kira, ko da da niyyar kwalliyar magana, wannan haramun ne, domin kira ibada ne. Rantsuwa ma haka: wanda bakinsa ya suɓuce ya rantse da Lata da Uzza an umarce shi ya ce la'ilaha illallah. Kada ki fassara sunan Jufita, babban gunkinsu, da Allah ko Ubangiji, ki bar shi da sunansa ko ki ce abin bautarsu. Kada ki kira dausayin matattunsu Aljanna, ko mulkin Fuluto Jahannama, don waɗannan kalmomi ne na wahayi masu ma'ana tsayayya, in kika ara wa tatsuniya su sai ki rikita mai karatun Hausa.

Akwai kuma wani wuri a kashi na uku inda ake nuna cewa yawon Seres na neman 'yarta shi ne sanadin da mutane za su samu hatsi, su daina cin 'ya'yan itacen daji. Ki bayyana shi a matsayin abin da tatsuniyarsu ta ce. Hadisin Zaidu ɗan Halid da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna hatsarin cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, balle a jingina abinci ga gunkiya. Sunaye zalla kuwa ba su da laifi. Janairu daga sunan gunki Yanus ya samo asali, Maris daga Mas, kuma duk muna rubuta su a takardunmu ba tare da wani ya ƙudurce komai ba.

Saura maganar mahaifinki. Tsoron da ya ji miki tsoro ne na mai kishin tauhidi, kada ki ɗauke shi jahilci, kuma kada ki yi jayayya da shi ta waya. In kin zo hutu ki zauna a gabansa da littafin, ki nuna masa shafi guda da abin da kika rubuta a ƙarƙashinsa, ya ga da idonsa cewa aikin kamance da talmihi ne irin na balaga. In da hali ki sa malamin da yake girmamawa ya yi masa bayani. Idan kuma mai duba kundinki ya amince, ki ƙara babi da zai gwada talmihin Kilaudiyan da yadda malaman balagar Larabci suka tsara wannan fanni. Ina kyautata zaton hakan zai sanyaya masa rai. In duk da haka ya tsaya a kan bakansa, ki sake rubuto mini da abin da ya faɗa, domin wannan karatu halal ne amma bai kai wajibi ba, haƙƙin mahaifi kuwa wajibi ne, kuma sai na ji dalilinsa kafin in ce miki ga abin da za ki yi.

Wallahu a'alam.