Inji ya ce 0.00, me ya sa Ju Wenjun ta faɗi?

Tambaya: Malam, ina koya wa 'yan mata wasan eshek a wata lakwal da ke unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Mun bi wasa na biyu tsakanin Tan Zhongyi da Ju Wenjun a gasar duniya ta mata ta 2025. Inji, wato manhajar da ke auna wasa a wayata, ya daɗe yana nuna 0.00, sai ga Ju ta sha kashi. Samarin fada na cewa sayar da wasan ta yi, yarana kuma jikinsu ya yi sanyi. Me zan gaya musu?

Amsa: Malama, zancen sayar da wasa ki bar shi can gindin butar shayi. Ju ta rama a wasa na uku, ta cinye na biyar zuwa na takwas a jere, aka tashi 6.5 da 2.5. Mai sayarwa ba ta yin haka.

Abin da ya faru a Shanghai a Afrilun 2025 shi ne, Tan na da farare, aka sauko ƙarshen wasa kowa da hasumiya ɗaya da sojoji. Ana ba su minti 90 ne na taku 40 na farko, da ƙarin daƙiƙa 30 kowane taku. Daidai bakin taku na 40, lokaci ya kusa ƙure wa Ju, ta yi kuskure, Tan kuwa ba ta sake ta ba.

To ga inda raina ke ɓaci kullum. Mutane sun ɗauka 0.00 na nufin an riga an yi kunnen doki. Ko kusa! Inji cewa yake, in kowa ya taka daidai har ƙarshe, ba mai ci. Ba ya gaya miki ko hanyoyin tsira goma ne ko ƙwaya ɗaya tak. Shi bai san gajiya ba, ba ya jin agogo na ci masa dunduniya. Sannan ga masu haddace maganar nan wai duk ƙarshen hasumiya kunnen doki ne, suna cusa wa yara, yaro ya saki jiki ya jingine hasumiyarsa a layin baya yana jiran a miƙo masa hannu. Da wannan ake cinye su, ba da wata dabara ba.

Ki jera musu wannan su gani da idonsu. Farare: sarki f5, soja e5, hasumiya b7. Baƙaƙe: sarki e8, hasumiya a6. Tsaron Philidor ke nan. Hasumiyar baƙi ta yi ta kai-komo a layi na shida. Da soja ya taka e6, ta faɗa a1 ta riƙa kai wa farin sarki hari ta baya, ba shi da maɓoya. Yanzu ki mayar da ita a8 ta zauna. Farare su kai sarki f6, soja e6, hasumiya h7, sai mutuwa a h8, ko baƙin sarki ya gudu d8 a ɗauke hasumiyarsa. Kaya ɗaya ne a allo, sakamako biyu.

Su buga shi bibbiyu, minti 5 kowa, su riƙa musanya launi, wayar kuma a kife ta. Sai sun gama a duba inji, ki kuma sa ya nuna taku uku mafi kyau maimakon ɗaya: in na farko 0.00 ne, na biyu da na uku sun zube, wurin nan siraɗi ne.