Sunan gem, asusun saye da UC mai araha: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan karon yawancinsu na masu buga gem ɗin harbi ne a intanet, wato PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile da ire-irensu. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su. Akwai wanda ya haɗo min har da imel da kalmar sirrin asusunsa wai in duba masa. Kada wanda ya sake yin haka, ko da ni ne.

Tambaya: Malam, sunan da na sa a Free Fire tun ina sabon shiga ya ishe ni, 'yan tawagarmu kullum dariya suke min. In biya a canza, ko in buɗe sabon asusu?

Amsa: Biya ka canza, ƙanena, amma sau ɗaya. Canjin suna a Free Fire yana cin dayamon 390 (dayamon shi ne kuɗin cikin gem ɗin), ko kuma katin canza suna idan ka samu. Sabon asusu kuwa yana nufin ka zubar da matsayinka da kayanka da jerin abokanka saboda 'yan haruffa. Lambar asusunka ba ta canzawa, don haka abokanka ba za su rasa ka ba.

Kafin ka taɓa maɓallin, rubuta sunan a takarda ka kwana da shi. Ka zaɓi gajere wanda baki zai iya furtawa da sauri, domin idan wuta ta buɗe abokin wasanka ba shi da lokacin karanta dogon suna kafin ya ce maka ga mutum a bayanka. Dubi manyan 'yan wasa: s1mple ɗan ƙasar Yukren, wanda ya ci babbar gasar Counter-Strike a Stockholm a 2021, ga shroud, ga Bugha, duk gaɓa ɗaya ko biyu. Waɗannan taurari da fukafukai da kambin sarauta da kuke kwafowa kuna jerawa a gefen suna, a wasu wayoyin akwatuna kawai suke fitowa, kuma wanda ke neman ka ba zai iya rubuta su ba. Babban kashedi: kada ka sa cikakken sunanka, ko shekarar haihuwarka, ko wani yanki na lambar wayarka. Duk wanda kuka haɗu a fili yana iya ganin sunan, kuma ba kowa ne ya shigo don wasa ba. Masu Fortnite su ba sa biya, suna iya canzawa duk bayan mako biyu, a Steam, dandalin wasannin kwamfuta, kuma ko yaushe mutum ya ga dama.

Tambaya: Wane suna ne zai sa abokan gaba su tsorata da zarar sun gan shi?

Amsa: Babu. Galibi ma ba sa ganin sunanka sai bayan ɗayanku ya kashe ɗaya. Je ka gyara saitin hannunka.

Tambaya: Malam, wani na haɗu da shi a gem yana sayar da asusun PUBG Mobile, ya taɓa kai wa matsayin Conqueror, yana da bindigogi masu kwalliya da suna na musamman mai haruffa uku. Ya turo min hotuna da bidiyo. Kuɗin bai kai rabin abin da ya kashe ba. Ya kuma ce yana da hanyar samun UC, wato kuɗin cikin gem ɗin, mai sauƙi. In saya?

Amsa: Kada ka saya. Zan ɗan daɗe a nan, domin irin wannan wasiƙar ta fi kowace yawa, kuma galibi sai bayan an yi asarar ake rubuto min.

Abu na farko, abin da yake sayar maka ba nasa ba ne. Sharuɗɗan da kowa ke danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba sun ce izinin amfani kawai aka ba ɗan wasa, kuma sun haramta sayar da asusu ko saye. Haka abin yake a wajen kamfanin Tencent mai tafiyar da PUBG Mobile, haka wajen Garena mai Free Fire, haka wajen Activision mai Call of Duty. Ran da suka gano, sai su rufe asusun, ba kuma wanda za ka kai wa ƙara, tunda kai ma ka taka doka.

To a ce ma kamfanin bai gano ba. Bari in faɗa maka yadda cinikin yake ƙarewa. Za ka tura kuɗi, ya ba ka imel da kalmar sirri, ka shiga ka ga komai yadda ya nuna a bidiyo, ka canza kalmar sirri, hankalinka ya kwanta. Ka ɗau hoton lobi ka tura wa abokai. Wataƙila ma ka ƙara zuba naka kuɗin a ciki. Wata rana da safe ka buɗe gem ɗin, ya ce a sake shiga, ka rubuta kalmar sirri ya ce ba daidai ba. Me ya faru? Asusun PUBG Mobile ana iya ɗaure shi da hanyar shiga fiye da ɗaya, ya ba ka guda ya riƙe guda. Ko kuma ya rubuta wa kamfanin cewa an sace masa asusu, ya tura rasiɗin sayayyarsa ta farko da irin wayar da ya fara wasa da ita. Shi ke da waɗannan hujjojin, kai ba ka da komai sai hoton tura kuɗi ga mutumin da ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. A idon kamfani kai ne ɓarawon. Shi kuwa ya karɓe kayansa ya sake tallata wa wani. Hotuna da bidiyon da suka ruɗe ka ma ba shaida ba ne, kowa na iya sauke na wani ya turo.

Kuma me kake saye? Conqueror matsayi ne na 'yan wasa 500 na sama a kowace saba (wato yankin da mutum ke wasa a kai), ana samun sa da hannu, ana kuma sake lissafi idan zango ya ƙare. Idan ka shiga da asusun gwani, gem ɗin zai riƙa haɗa ka da gwanaye, su tarwatsa ka tun kafin ka ɗauki bindiga ta biyu. Kwalliyar bindiga ba ta ƙara wa harsashi ƙarfi. M416 mai ƙyalli da wadda ba ta da ado illa ɗaya suke yi.

Sai maganar UC mai sauƙi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani ne kaɗai ke ƙirƙirar UC, shi ke sa farashi, to ta yaya wani zai sayar maka ƙasa da rabin abin da shi kansa zai biya? Hanyoyin sanannu ne. Wani da katin bankin sata yake saye, idan mai katin ya kai ƙorafi banki ya dawo da kuɗin, asusunka ne za a zaftare ko a rufe. Wani yana saye ne ya nemi a mayar masa da kuɗi bayan ya karɓi naka, sakamakon ɗaya ne. Wani kuma ba ya da komai, zai ce ka ba shi kalmar sirri ya shiga ya zuba maka, ko ya turo maka shafin da ya yi kama da na gem ɗin sak, da tambari da komai, a ce ka shiga da Facebook ka karɓi kyauta. Kana rubutawa ka miƙa masa asusun gem da Facebook ɗinka gaba ɗaya, daga nan ya fara roƙon kuɗi a wajen 'yan'uwanka da sunanka. Ka riƙe wannan: sayen UC ko dayamon ta halastacciyar hanya, a cikin gem ɗin ko a shafin da kamfanin ya amince da shi irin Midasbuy, lambar asusunka kawai ake buƙata a shafin. Duk wanda ya nemi kalmar sirri ko lambar da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne, ko da ya rantse maka.

Tunda na fara, bari in taɓo halastacciyar hanyar ma, don ita ma tana cin mutane. Waɗannan akwatunan sa'a da juyin sa'a an tsara su ne don a tatse ku. A Call of Duty Mobile juyin yana da kaya goma, na farko da araha, kowane juyi ya fi na baya tsada, babbar bindigar da ta ja ka kuma da wuya ta fito kafin ƙarshe. Ka yi biyar, ka ce ai na riga na yi nisa, ka ƙarasa. Ba ni kaɗai nake ganin haka ba: a 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake biya da kuɗi a wasu wasanni caca ne, har da na Counter-Strike. Idan dole sai ka kashe, sayi abin da ka ga farashinsa ka kuma san abin da za a ba ka, irin Royale Pass na PUBG Mobile, wato tikitin zango mai jerin kyaututtuka, ka yanke wa kanka iyaka tun farkon wata. Kuma ka sani duk abin da ka saya yana nan ne muddin gem ɗin yana nan. A Satumban 2020 Indiya ta haramta PUBG Mobile, a Fabrairun 2022 ta haramta Free Fire. Waɗanda suka tara kaya ba a yi shawara da su ba.

Tambaya: An ce akwai manhajar da ke nuna inda abokan gaba suke ta bayan bango, kuma mai sayarwar ya ce ba a kamawa.

Amsa: Kowane mai sayarwa haka yake cewa. PUBG Mobile na dakatar da masu maguɗi har shekara 10, Valve mai Counter-Strike kuma idan ta kama ka hukuncin na dindindin ne. Ƙari a kan haka, fayil ɗin da za ka sauke daga wajen wanda ba ka sani ba zai nemi izinin shiga ko'ina a wayarka, inda manhajar bankinka take. Ban da haka ma cuta ce, kana ɓata wa mutum 99 wasa. Ba zan ba ka shawarar wacce ta fi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ɗana ɗan shekara 12 yana buga Free Fire a wayata. Na ga an yi ta cirar kuɗi daga katina, da na matsa masa ya ce dayamon ya saya. Na kuma ji shi yana hira da wani babba a ciki. Hankalina ya tashi, ban san komai a kan abin nan ba. In ƙwace wayar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, kin lura da wuri, kuma yaron ya faɗa miki gaskiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ke kaɗai abin ya samu ba. An ƙera waɗannan wasannin ne yadda saye zai yi sauƙi ƙwarai, har a Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhume shi da keta sirrin yara da kuma tsarin da ke sa mutane saye ba da niyya ba. Yaro yana ganin dayamon a allo, ba ya ganin kuɗin da ke fita.

Yau ɗin nan ki cire katinki daga Google Play, ko daga asusun Apple idan iPhone ce, ki kuma kunna saitin da ke neman kalmar sirri a kowace sayayya. Ki nemi a mayar miki da kuɗin ta shafin Google ɗin da gaggawa, don an fi duba koke a cikin awa 48 na farko, sai dai ki sani hakan na iya jawo a hukunta asusun gem ɗin. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, tana ba ki damar ƙayyade lokacin wasa.

Maganar babban nan ta fi kuɗin damuna. Ki zauna kusa da yaron ya buga a gabanki, ki ce ya koya miki, yara na son haka. Ki duba sunan da ya sa, idan sunansa na gaskiya ne ko akwai shekarunsa a ciki, a canza. A kashe makirfo idan ba da yaran da kika sani yake wasa ba. Ki gaya masa a natse cewa duk wanda ya yi masa alƙawarin dayamon kyauta, ko ya nemi hotonsa, ko lambar waya, ko ya ce su koma hira a wani wuri, ya zo ya faɗa miki, kuma ba za ki yi masa faɗa ba. Ƙwace waya kwatsam yakan sa yaro ya koma ta aboki, inda idonki ba ya kaiwa. Allah ya shirya mana su.

Tambaya: Gem ɗina yana sarƙewa, ina harbi ba ya samu. In sayi maɓallan harbi da ake maƙalawa a waya, ko fankar sanyaya, ko sabuwar waya?

Amsa: Fara duba lambar ping da ke gefen allo, wadda ke nuna jinkirin da ke tsakanin wayarka da saba. Idan tana haura 150 matsalar sabis ce ko nisan saba, kuma babu wayar da za ta gyara ta. Zaɓi saba mafi kusa, ka daina ɓata kuɗi a manhajojin da ke iƙirarin rage ping. Idan ping lafiya lau amma hoto na tsalle bayan ka ɗan jima, zafi ne: waya na rage gudunta da kanta idan ta ɗau zafi. Cire mata riga, rage ƙyallin hoto zuwa mafi ƙasa ka ɗaga yawan firem (hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa), kada kuma ka buga tana caji. Fanka tana taimakawa a nan kaɗai. Maɓallan harbi ba sa hana sarƙewa, kuma gasanni da yawa ba sa yarda da su, gara ka koyi riƙon yatsu huɗu. Idan akwai abu ɗaya da zan ce ka saya, iyafis ne mai igiya, don ka ji takun mutum daga hagu yake ko dama. Sabuwar waya ta jira sai ka gwada waɗannan tukuna.