Tatsuniyar Gizo Ba Ta Wuce Ƙoƙi: Amsar Wasiƙu daga Zangon Kumasi

Wasiƙu uku suka iso ni a makon nan, kuma kamar an haɗa baki, dukkansu ƙofar gida ɗaya suka ƙwanƙwasa, gidan Gizo. Zan fara da mafi tsawo, ta wata yarinya 'yar Aboabo mai karatun aikin jinya.

Ga abin da ta rubuto a taƙaice: "Malam, tun ina ƙarama kakarmu ke yi mana tatsuniya, ni kuwa ban taɓa son Gizo ba, Ƙoƙi nake so. Yayana ya ce Ƙoƙi 'yar rakiya ce kawai, hujjarsa karin maganar nan da ake cewa tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Wai ma'anarta labarin ba shi da wata daraja, tunda bai fi Ƙoƙi ba. Haka ne?"

'Yata, yayanki ya kamo maganar ta wutsiya. Kalmar "wuce" ce ta ruɗe shi, domin fuska biyu gare ta. Akwai wuce ta fifiko, kamar a ce wane ya wuce wane a karatu. Akwai kuma wuce ta iyaka, kamar a ce motar nan ba ta wuce Kejetia, wato can take tsayawa ta juyo. Ta biyun ce a karin maganar. Ana faɗinta ga mutumin da duk inda zance ya faro, an san inda zai dire shi. Akwai wani dattijo da muke zama da shi wurin mai shayi bayan sallar isha'i. A ɗauko hirar ƙwallo, ana gardamar Kotoko da Hearts of Oak, kafin kofinsa ya huce ya kai mu ga buhunan goron da ƙaninsa ya cinye masa shekara da shekaru. A ɗauko tsadar siminti, nan ma goro. Da ya gyara zama sai wani ya ce a hankali, "To, tatsuniyar Gizo dai," sauran su ƙarasa a zuci.

Saboda haka karin maganar ba ta rage wa Ƙoƙi komai ba. In ma an duba da kyau, girma ta ba ta. Gizo shi ne mai fita, ya je fadar sarki, ya shiga cikin giwa, ya faɗa kogi, amma duk yawonsa gaban Ƙoƙi yake ƙarewa, ko da nama a kafaɗa ko da tabon bulala a baya.

Ki tuna da ta gona, a yadda na ji ta tun ina yaro. Damina ta sauka, Gizo ya ce wa Ƙoƙi ta soya masa irin gyaɗa ta barbaɗa gishiri, wai haka manoman bana ke shukawa. Ta soya. Ya saɓa fartanya ya tafi, ya sami inuwa ya zauna ya cinye tas, ya kora da ruwa, ya yi barcinsa. La'asar sakaliya ya shafa laka a ƙafa da gwiwar hannu, ya shigo gida yana nishi yana dafe ƙugu. Haka har kaka, ranar da ta ce a kai ta ta ga amfani, sai ya nuna mata gonar wani. Tambayar da yara ba sa yi ita ce, ashe akwai matar da ba ta san soyayyar gyaɗa ba ta tsira? Ni dai ban yarda Ƙoƙi wawuya ba ce. Ta san mijinta kamar yunwar cikinta. Tana soyawa ne tana kallo, irin kallon da mu masu sauraro muke yi masa, mun san ƙarya yake, amma muna son ganin inda za ta kai shi. A ganina aikinta ke nan a tatsuniya, ita ce mu a cikin labarin.

Sai dai kada son da kike yi mata ya sa ki naɗa mata rawanin waliyyai. Idan Gizo ya sato nama, Ƙoƙi ce ke hura wuta, kuma ban taɓa jin ta ture akushi ba.

Sunanta ma abin dubawa ne. Ƙoƙi-ƙoƙi ƙwaron nan ne kore mai dogon wuya, wanda ke naɗe hannuwansa a ƙirji kamar mai addu'a, ya yi tsit a kan reshe. Wanda bai san shi ba sai ya ce salihi ne, alhali farauta yake, fara ko ƙuda na giftawa zai cafke. Har macen takan cinye namijin wani lokaci. Wanda ya fara aurar da wannan ƙwaro ga gizo-gizo ya san abin da yake yi. Ki kuma lura da ninkin da ke cikin sunayen biyu. Hausa takan ninka kalma don ta ce abu ya yi kama da wani amma bai kai shi ba, kamar mutum-mutumi, ko ruwa-ruwa, ko ja-ja. Da wannan ma'auni, gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗakinki shi ne mai kama da Gizo, na tatsuniya shi ne na ainihi. Wannan fahimtata ce, kuma ina jin daɗinta.

Na ga kin rubuta "Koki" da "tatsuniyan Gizo". Ban gyara miki don raini ba. Hausarmu ta Zango ta daɗe da sauke ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ta kuma daina rarrabe namiji da mace a nahawu, shi ya sa koko da ƙoƙon da ake shan sa suka zama abu ɗaya a bakinmu. A baki ba laifi. A rubutu dai ki sa mata ƙugiyarta, sunanta ne.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin firamare ce a Asawase. Ya ce ɗalibansa, Hausawa da Tonawa, wato mutanen Asante, a aji ɗaya, sun nace cewa Gizo shi ne Ananse na tatsuniyoyin Tonawa, sunan ne kawai ya sha bamban. Yana tambaya ko ya bar su a haka, sannan mece ce ma'anar "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya".

Malam, ɗalibanka ba su yi nisa da gaskiya ba, amma ba su shiga cikinta ba. Kamannin a fili suke. Dukansu gizo-gizo ne masu hali irin na mutane, ga kwaɗayi ga wayo. Dukansu harshensu ba daidai yake ba: Gizo tsamin baki gare shi, in zai ce sarki sai ka ji "shayki", shi kuwa Ananse ta hanci ake yin muryarsa. Dukansu an taɓa kama su da mutum-mutumin danƙo a gona. Kuma mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja, suna kwana a Salaga suna sayen goron ƙasar Asante, ba goro kaɗai suka yi musaya ba. Har a takarda labaran sun haɗu. R. S. Rattray, Baturen da ya buga tatsuniyoyin Hausa a 1913 daga rubutun ajami na Malam Shaihu, a nan ƙasar Ghana ya yi aikin, shi ne kuma ya buga na Asante a 1930.

Bambancin yana wajen matsayi. Ananse yana da sunan rana, Kwaku, haifaffen Laraba, da a ce Bahaushe ne Balarabe za mu kira shi. Yana da mata, Aso, da ɗa mai suna Ntikuma, wanda ya ga uban na fama da hawa itace da tukunyar hikima ɗaure a ciki, ya ce masa ai a baya ake ɗaure ta. Sannan Ananse sayen labaran ya yi daga Nyame, Ubangijin sama a wajen Tonawa, ya biya da mesa da damisa da zirnako, shi ya sa Tonawa ke kiran kowace tatsuniya Anansesem, ko da babu shi a ciki. Gizo bai sayi komai ba, kuma da wuya ya biya ko da ya saya. Ko fukafukan da ya tashi da su zuwa ɓauren tsakiyar kogi aro ne daga hankaki, da ya hana su cin ko ɗaya yana cewa shi ya riga gani, kowa ya zare gashinsa suka bar shi a reshe.

To, abin da Bahaushe ya ba Gizo shi ne ɗaukar laifi. "Ba don Gizo ba da na yi ƙarya" tana nufin ƙaryar da kuka ji tana da mai ita, ba tawa ba ce. Tsohuwar da ke yi wa jikoki faɗa kullum a kan ƙarya, ga ta da dare ta ce giwa ta yi magana, dole ta nemi inda za ta rataya abin. Wasu ma sukan ƙara da cewa da ma ƙaryar ce na shara muku. Tonawa su ma suna da irin wannan wanke hannu, sai dai a bakin ƙofa suke yin nasu, tun kafin a fara su ce ba da gaske muke ba. Mu sai mun gama ci muke wankewa. Kusu kuwa ɓera ne a bakin Sakkwatawa da Katsinawa, shi ya sa za ka ji wasu na cewa kan ɓera. Ƙurunƙus amsa-kama ce ta yankewa, an datse labarin ke nan, kowa ya tafi ya kwanta.

Ta ukun gajera ce. Wani tela a Alabar yana tambaya ko "bakin gizo" ne ko "bakan gizo", kuma me ya kawo Gizo sama.

Bakan gizo ne, ɗan'uwa. Baka ne na maharbi, abokin kibiya, saboda lanƙwasarsa, ba bakin cin tuwo ba. Gizo kuwa ya bazu a harshen fiye da yadda muke lura. Idan fuskar wani ta riƙa bayyana maka alhali ba ya nan, sai ka ce tana yi mini gizo. Haka bakan yake, kana ganinsa a kan rufin kwanon Aboabo bayan ruwa ya ɗauke, ka nufe shi ya matsa. Wayar da ka aiko mini da tambayar ma ta yanar gizo ta bi.